Saƙon Tes Ko Imel: Wanne Ya Dace Da Ɗan Kasuwar Gabashin Sakkwato?

Kasuwancin ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ya dogara ne a kan noman fadama, musamman shinkafa da albasa da tafarnuwa, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a shekarar 1984 noman rani ya ƙara bunƙasa, masu sayar da taki da iri da injin ban-ruwa suka yawaita. Irin waɗannan 'yan kasuwa suna da hanyoyi biyu na tallata hajarsu a rubuce, wato saƙon tes, wanda yake shiga kowace irin waya ba tare da intanet ba, da kuma imel, wasiƙar da take bi ta intanet zuwa akwatin da mai karɓa ya buɗe da sunansa.

Ga wanda abokan cinikinsa manoma ne, saƙon tes ya yi wa imel fintinkau, domin ƙaramar waya ta fi babba yawa a ƙauyuka, tana daɗewa da caji, kuma saƙon yakan isa ko da sabis ya yi rauni. An ga hakan a shekarar 2012, lokacin da ma'aikatar noma ta tarayya, a ƙarƙashin Akinwumi Adesina, ta fara sanar da manoma rabonsu na taki mai rangwame ta wayar hannu. Sai dai wannan hanya tana da wani sirri da galibin masu talla da Hausa ba su lura da shi ba. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin jerin haruffan da aka gina tsarin a kansu tun asali, saboda haka da zarar ɗayansu ya shiga sai ma'aunin ya sauko zuwa 70, saƙon da ya kamata a biya kuɗinsa sau ɗaya ya iya rabuwa har gida uku. Wanda ya cire lanƙwasar don ya rage kuɗi kuwa, dole ya yi hattara da kalmomi irin su ƙasa da kasa, ko ɓara da bara, waɗanda ma'anarsu take sauyawa. Ban da wannan, tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ba kowane mai layi damar toshe saƙonnin talla ta lambar 2442, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta jaddada neman yardar mutum kafin a yi amfani da lambarsa wajen talla.

Imel kuwa araha gare shi, yana ɗaukar dogon bayani da hotuna da takardar farashi, kuma yana zama shaida idan aka sami saɓani, amma amfaninsa sai ga dillalin da yake hulɗa da kamfanonin casar shinkafa ko manyan masu sarin albasa na Legas. Manomin da aka buɗe wa adireshi ranar da ya sayi waya ba ya leƙa shi.

Hanyoyin biyu dai a kan turken sadarwa ɗaya suke tafiya, kuma da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato a watan Satumba na 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, duka biyun sun tsaya cik, labarin farashi ya koma bakin direbobi da 'yan ci-kasuwa. Ko a lokacin da sabis yake lafiya, da yawa daga manoman yankin sun fi gwanancewa da ajami a kan boko, shi ya sa wasu masu shaguna suke bin saƙon tes da kira ko saƙon murya na WhatsApp.