Kwamfuta mai danna kanta: abin da na koya a shagon Yayana a Dambatta

Hutun da ya wuce na koma gida Dambatta, na tarar da Yayana ya yi tagumi a shagonsa na buga takardu. Wata ƙungiyar manoma ce ta kawo masa ɗaruruwan sunaye daga ƙauyukan kewaye, a shigar da su wani shafi kafin rabon taki. Kowane suna sai ya kwafo daga Excel, ya liƙa, ya danna maɓallin adanawa, ya sake. Ga man janareto na ta ƙonewa.

Na ce, "Yaya, ai kwamfutar za ta iya danna kanta." Ya harare ni: "Kai dai ɗan boko, sai surutu."

Ga yadda abin yake. Akwai PyAutoGUI, wanda Al Sweigart ya rubuta don harshen Python, da SikuliX, wanda asalinsa ya faro a jami'ar MIT ta Amurka a 2009. Dukansu kyauta ne. Za ka yi sikirinshot, ka yanko hoton maɓallin kaɗai, ka adana. Manhajar ta nemi wannan hoto a fuskar kwamfuta, ta kai linzami wurin, ta danna.

Ni aikin jarida nake karanta, ban iya rubuta kod ba. ChatGPT na yi wa bayani daki-daki: nemi wannan hoto, danna, rubuta suna, koma layi na gaba. Ya rubuto, na gwada, linzami ya fara yawo shi kaɗai. Yaya ya miƙe tsaye.

Amma murna ta so komawa ciki. Sabis ya yi nauyi, shafi bai gama buɗewa ba, ita kuwa kwamfuta ta ci gaba abinta, ta zuba lambar wayar wani a gurbin wani. Allah Ya sa muna kallo. Da an tura haka, akwai dattijon da zai je rabon taki a ce babu sunansa, ga damina ta kankama. Nan na gane manhajar hoto kawai take gani, ba ta san ma'anarsa ba.

Don haka idan za ka fara, riƙe waɗannan. Ka ce kod ɗin ya jira sai ya ga hoton kafin ya wuce, in bai gani ba ya tsaya. Kada ka canza girman shafi bayan ka yanki hoto, don ba zai gane shi ba. Fara gwaji da sunayen ƙarya guda biyar. Ka san birki: a PyAutoGUI, ja linzami zuwa kusurwar allo, komai zai tsaya. Sannan kada ka liƙa wa ChatGPT NIN ko lambobin wayar mutane. Amana ce, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Muka gyara, muka sake, Yaya na bin sunayen ɗaya bayan ɗaya da biro. Kafin magariba an gama. Da zan koma makaranta ya ce, "Ɗan boko, bar min abin nan a filas."