Ko sai da digirin kasuwanci ake sauya aiki tsakanin kamfanonin zuba jari?

Matasa da dama a Maraɗi da suka karanta noma ko injiniyanci suna ganin ƙofar kamfanonin zuba jari a rufe take gare su, tunda ba su da digirin kasuwanci. Gaskiyar ita ce takardar makaranta tana da nauyi wajen samun aikin farko. Amma idan mutum zai tashi daga wani kamfani zuwa wani, abin da ya taɓa yi da hannunsa ne ake fara dubawa.

Kamfanin irin wannan, wanda a Faransanci ake kira capital-investissement, ya bambanta da banki. Banki rance yake bayarwa da ruwa. Shi kuwa kamfanin zuba jari yana sayen kaso ne a cikin sana'ar mutum, ya taya shi tafiyar da ita na wasu shekaru, sannan ya sayar da kasonsa. In an ci riba a raba, in an faɗi a faɗi tare. A Nijar akwai Sinergi Niger da ke Yamai, wanda aka kafa da haɗin gwiwar kamfanin Investisseurs & Partenaires na Faransa. Irin waɗannan guraben aiki ba su da yawa, kuma akasarinsu suna manyan birane kamar Yamai, Abijan da Dakar.

Tsarin ba baƙo ba ne ga mutanen Maraɗi. Tun zamanin cinikin gyaɗa, Alhazan garin ke bai wa yaransu jari su juya, a raba riba. Masani Emmanuel Grégoire ya bayyana wannan alaƙa ta ubangida da bara a littafinsa kan Alhazan Maraɗi na 1986. Yaron da zai koma wani gida, shaidar riƙon amanarsa ce ke riga shi isa.

Haka abin yake a kamfanonin zamani. Sabon mai ɗaukar aiki zai tambayi wace sana'a mutum ya bincika kafin a zuba mata kuɗi, me ya gano, kuma yaya ta ƙare. Zai kuma tuntuɓi tsohon shugabansa. A nan wanda ya karanta noma yana da abin nunawa: ya san lokacin da farashin zogale ke faɗuwa a fadamar noman rani ta Jiratawa, ya san nawa manomin Tibiri ke kashewa wajen ban ruwa. Ba a koyar da wannan a ajin kasuwanci.

Sai dai amana kaɗai ba ta isa. Dole mutum ya iya karanta lissafin kamfani bisa tsarin SYSCOHADA, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a 2018, ya iya ƙiyasta darajar sana'a a kwamfuta, ya kuma rubuta rahoto da Faransanci mai kyau. Da yawa kan fara koyon waɗannan a banki, ofishin akanta ko asusun ba da ƙananan rance.

Kafin ajiye aiki, yana da kyau a sake karanta yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Wasu na hana ma'aikaci komawa wurin abokin gogayya na wani lokaci, kuma sirrin kamfanonin da ya bincika ba nasa ba ne da zai tafi da shi. Ban da haka, a yawancin ƙasashe asusun zuba jari kan ɗauki kimanin shekara 10, kuma sai a ƙarshe ake raba kason ribar ma'aikata. Wanda ya tafi da wuri kan iya rasa nasa, don haka ƙarin albashin sabon wuri ba lallai ya rufe asarar ba.