Gargaɗi Ga Jama'a: A Kula Da Gishirin Da Ake Zubawa A Tukunya

Wannan kira ne na gaggawa ga magidanta, da iyayenmu mata, da masu sayar da abinci, da 'yan tireda. Duk gishirin da za a saya domin girki, a tabbatar mai sinadarin aidin ne, a cikin ledarsa ko buhunsa a rufe, ɗauke da lambar rajistar NAFDAC. Farinsa ko zafinsa a harshe ba su ne shaidar ingancinsa ba.

A kasuwa akan tarar da buhun gishiri a buɗe tsakiyar rana, ana auna shi da gwangwani ko tiya, ga ƙura, ga danshi har ya dunƙule. Babu sunan kamfani, babu wanda zai gaya maka daga ina ya fito. Akwai gishirin da aka tanada domin jimar fata, da na masana'antu, da na lasar dabbobi, kuma ba a tace su yadda ake tace na ci ba. Mai son banza yana iya juye irin wannan a faifai ya sayar da sauƙi, to amma araha ba ta ado. Uwargida, ki ɗebi cokali guda ki narka a kofin gilashi mai ruwa mai tsabta, ki ajiye shi ya kwanta. In kin ga yashi ko laka a gindin kofin, ko ruwan ya yi duhu, kada ki kai shi bakin iyalinki. Sai dai ki sani, ruwan ya fita garau ma bai nuna akwai aidin ba, domin ido ba ya ganin aidin, harshe kuma ba ya jin sa.

Rashin aidin ne babban abin da ke kawo maƙoƙo, wato kumburin gaban wuya. Amma ɓarnar da ta fi muni ita ce wadda ba a gani. Mai juna biyu da ba ta samun isasshen aidin tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa mai raunin ƙwaƙwalwa da tsumburewar jiki, kuma abin da ya lalace tun a ciki ba ya gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa kuwa 250. Saboda haka ne Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun 1993.

Ba a raina gishirinmu na gado ba. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na ɗauko kantu da beza daga Bilma da Fachi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ga mangul na ƙasar Manga, ga na Keana da Awe a Jihar Nasarawa. Masu girki sun san ɗanɗanonsu. Amma irin wanda ake kawowa kai tsaye daga rijiyar gishiri ba a sa masa aidin ba, don haka bai kamata ya zama shi kaɗai ne gishirin gida ba, musamman gidan da ke da mai ciki da ƙananan yara. Haka nan jan gishirin nan na Himalaya da ake haƙowa a Pakistan, wanda ake tallarsa da tsada a manyan kantuna. Launinsa daga ɗan ƙarfen da ke ciki ne, yawancinsa ba shi da aidin, kuma ba maganin hawan jini ba ne.

Kowane irin gishiri, in ya yi yawa, yana tayar da hawan jini, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda. Ƙa'idar ita ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a lissafa har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji da kilishi da taliyar leda. Kanwa ma tana cikin wannan lissafi. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan shan kunun kanwa lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, saboda haka kakanni da ungozomomi a sassauta. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya taɓa gishirin da aka haɗa da fotasiyam sai likita ya yarje masa.

In an sayo mai kyau, a adana shi a mazubi mai murfi, nesa da murhu da rana da laima, domin zafi da danshi suna rage aidin ɗin da ke ciki. Duk wanda ya ga kumburi a gaban wuyansa ko na ɗansa, ya nufi asibiti, kada ya tsaya tsaga da shafe-shafe. 'Yan kasuwa, ku ji tsoron Allah, kada ku sayar wa mutane abin da ba za ku zuba a miyar gidanku ba. Wanda ya ga ana sayar da gishirin masana'antu da sunan na ci, ya kai rahoto ofishin NAFDAC mafi kusa.

Malamai da limamai da masu unguwanni, ku taimaka wajen isar da wannan saƙo. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, in kunne ya ji jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya.