Sunan Koci Ba Ya Biyan Alawus

Da zarar watan Agusta ya kama, masara ta fara fitar da gemu a gonakin Funtua, Bakori da Malumfashi, sai gidajen kallon ƙwallo su farfaɗo. Mai gidan kallo ya kai janareta gyara, ya jera bencina, ya rubuta wasannin mako da alli a allon bakin ƙofa. Tun ba a taɓa ƙwallo ba, an riga an yanke wa masu horarwa hukunci a teburin mai shayi: wane zai ɗaga kofi, wane kuwa kafin a gama cirar auduga an sallame shi.

Masu wannan hukunci ba da ka suke magana ba. Sun ga José Mourinho ya ci gasar Firimiya da Chelsea a 2015, kafin shekarar ta fita an kore shi. Sun ga Claudio Ranieri ya yi abin mamaki da Leicester a 2016, aka raba shi da aiki a Fabrairun 2017. Erik ten Hag ya ɗauki kofin FA a Mayun 2024, Manchester United ta sallame shi a Oktoba. Idan gardama ta yi zafi, dattijon da ke wurin zai tuna wa yara cewa Alex Ferguson ya zo United a 1986, bai ɗauki kofin farko ba sai 1990, gasar lig kuwa sai 1993. Yau wa zai jira wani haka?

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, saurayin da zai lissafa maka kocin Chelsea biyar a jere ba tare da ya yi tuntuɓe ba, sau da yawa sai ya yi jim idan aka tambaye shi wanda ke jan ragamar Katsina United. Ba laifinsa ba ne kacokan. Funtua ta fi kusa da Zariya a kan birnin Katsina, kuma zuwa filin wasa na Muhammadu Dikko tafiya ce ta yini da kuɗin mota. Daga Malumfashi ma, hanyar Dayi da Gwarzo ta sa Kano ta zama kamar maƙwabciya, shi ya sa ba a rasa masu cewa "Sai Masu Gida", kirarin Kano Pillars. Amma a gasar gida ta NPFL ne maganar suna da tsammani ta fi ma'ana, domin nan ne koci ke ɗaukar laifin da ba shi ya yi ba.

A dubi Kano Pillars. Kadiri Ikhana, wanda ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, shi ya kawo wa Pillars kofin lig na farko a 2008. Mohammed Baba Ganaru ya ɗauka a 2012 da 2013, Okey Emordi ya cika na uku a jere a 2014. Ibrahim Musa ya ƙara da kofin Aiteo a 2019. Duk kocin da ya shiga Kano bayan nan, da wannan ma'auni ake auna shi, ko da kuwa 'yan wasan da aka ba shi ba su kai rabin na wancan zamani ba.

Sai kakar 2021/2022 ta zo. A watan Afrilun 2022 Pillars ta karɓi baƙuncin Katsina United a filin Sani Abacha, wasan ya watse ba a kammala ba, aka farfasa motar baƙi, hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki 3. A ƙarshen kakar, Pillars da Katsina United suka faɗa rukuni na biyu tare, da Heartland da MFM. Babu wani tsarin 4-3-3 ko 4-4-2 da zai dawo da makin da aka rasa a teburin ladabtarwa. Duk da haka, idan ana ba da labarin wannan faɗuwa, sunan wanda ke kan benci ake fara kamawa. Ƙungiyoyin biyu sun dawo babbar gasa a 2023, kuma tun ranar da suka dawo magoya baya suka koma maganar kofi, kamar ba jiya aka fito daga rami ba.

Gasar NPFL ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38, huɗu na ƙasa su sauka. Rabin wasannin nan a waje ake yin su, kuma duk mai bin gasar ya san wuyar ɗebo maki a gidan wani. Ƙungiya daga Katsina sai ta ratsa ƙasar nan zuwa Aba, Fatakwal ko Inugu, galibi a mota, 'yan wasa su sauka ƙafa a kumbure su shiga fili. Yawancin ƙungiyoyin kuma na gwamnatocin jihohi ne, Katsina United da Pillars na ciki. Ma'ana, kuɗin sayen 'yan wasa, albashi da alawus ɗin wasa duk sai fayil ya bi ta ofisoshi, kuma sauyin gwamnati ko na shugabannin ƙungiya kan zo da sabon koci ko da tsohon bai yi laifin komai ba. Koci a nan tamkar ɗan ƙwadago ne da aka miƙa wa gona babu taki, da kaka a zo ana ƙirga masa buhuna.

Wannan ba wanke masu horarwa ba ne. Akwai masu gwaninta ta gaske, kuma tana bayyana. Kennedy Boboye ya ba Plateau United kofinta na farko a 2017, ya sake yi wa Akwa United haka a 2021. Wanda ya yi sau biyu a gari biyu ba za a ce sa'a ba ce. Usman Abdallah, ɗan Kano, ya ci gasar da Enyimba a 2019. Finidi George ya ci da Enyimba a 2023, Fidelis Ilechukwu da Rangers ta Inugu a 2024.

Sai dai misalin da ya kamata masu ƙwallo a Katsina su zauna su nazarta shi ne na Remo Stars, ƙungiyar ɗan kasuwa Kunle Soname da ke garin Ikenne a jihar Ogun. Daniel Ogunmodede ba shi da wani babban suna lokacin da aka ba shi ƙungiyar. Ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024. A wani wurin da tuni an ce ya gaza, an nemo mai suna. Aka bar shi da filinsa, da makarantar renon matasa, da 'yan wasan da ya saba da su, a 2025 ya ɗaga kofin da ƙungiyar ba ta taɓa ɗauka ba. Magoya bayan Arsenal na Funtua, waɗanda suka ga Mikel Arteta ya ƙare a na biyu sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025 ba a taɓa kujerarsa ba, sun san irin wannan jira, duk da cewa rabinsu sun sha neman a kore shi a tsakani.