KIBOD MARAR WAYA: KAFIN KA CE YA MUTU

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Saboda haka iyaye da yawa a Hotoro, Gyadi-Gyadi da Tarauni sukan matse aljihu su saya wa 'ya'yansu kibod domin su saba da buga haruffa. Galibi marar waya ake so, don ba ya cika tebur. Amma sau nawa ɗalibi ya kawo mini nasa yana cewa, "Malam, ya mutu"? In na duba, sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Ga yadda za ka bincika da kanka.

Da farko ka san yadda yake aiki. Kibod marar waya ƙaramin gidan rediyo ne. Duk harafin da ka danna, yakan aika shi ta iska a kan zangon gigahaz 2.4. Iri biyu ne. Akwai mai zuwa da ɗan mitsitsin abu kamar farcen yatsa, wanda ake sokawa a kafar USB, ana ce masa risiba. Akwai kuma mai amfani da Bluetooth, fasahar da kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya soma a 1994. Dukansu ba su cika wuce mita 10 ba, ko da babu abin da ya tare.

Idan haruffa suna jinkirin fitowa, ko wasu suna ɓacewa, soma da batir. Batir mai rauni shi ne babban mai laifi. Sa sababbi, kada ka gauraya sabo da tsoho, ka kuma goge inda suke zama, domin ƙurar hunturu da tsatsa sukan hana wuta wucewa.

Na biyu, dubi inda risiba take. In tana bayan kwamfuta, ƙarƙashin teburin ƙarfe, to ƙarfe yana tare saƙon. Dawo da ita kafar gaba, ko ka sa gajeriyar wayar ƙari ta USB ka kawo ta kan tebur.

Na uku, cunkoso. Wi-Fi da wayoyin hannu masu Bluetooth duk a zangon nan suke magana, kamar mutane da yawa a ɗaki ɗaya kowa na ɗaga murya. A 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa kafar USB 3.0, wadda sau da yawa cikinta shuɗi ne, takan fitar da hayaniya a wannan zango. Don haka kada ka soka risiba kusa da filashin da ke aiki a irin wannan kafa.

Sai batun dacewa. Kowane kibod da risibarsa aka haɗa su tun daga masana'anta. In taka ta ɓace, galibi ta abokinka ba za ta yi maka ba. Ko a kamfani ɗaya akan sami bambanci: risibar Unifying ta Logitech tana ɗaukar na'urori har 6, amma ba ta jituwa da Bolt da kamfanin ya fitar a 2021. Haka kuma tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa ba su da Bluetooth sam, sai an saya musu nasu abin sokawa.

Wani lokaci kuma ka danna alamar @ sai wata ta fito. Wannan ba ciwon kibod ba ne. An saita kwamfutar a tsarin Ingila ne, alhali kibod ɗin na tsarin Amurka ne. A wurin saitin harshe ake gyara shi.

Daga ƙarshe, gwada shi a wata kwamfutar. In ya yi aiki can, laifin ba nasa ba ne. In kuma za ka saya a kasuwar Farm Centre, sa a gwada maka a gabanka, ka tabbata risibar tana cikin kwali. Kuɗin iyayenku da gumi aka same shi. Rigakafi dai ya fi magani.