Giyar hannu a motar otomatik: shin tana ƙara wa mota wuta?

A garejin kanikawa da majalisun matasa, daga Ƙofar Ruwa a birnin Kano har tashar Shanono, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa in kana son motar otomatik ta zabura da gaske, ka ture sandar giya gefe, can inda aka zana alamar ƙari da ragi, ka riƙa sauya giya da hannunka. Wasu kuma na cewa wannan duk burga ce, a bar ta a D a taka totur kawai. In dai maganar tashi da gudu daga tsaye ake yi, masu cewa a bar ta a D sun fi gaskiya. Amfanin wannan alama yana wani wuri daban, kuma direban karkara ya fi ɗan birni buƙatarsa.

Asalin abin daga motocin tsere ya fito. A 1989 kamfanin Ferrari ya shiga gasar Formula 1 da motar da ake sauya mata giya da wasu 'yan maɓallai a bayan sitiyari, kuma Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da ita a fitarta ta farko. A daidai wannan lokaci Porsche ya fito da Tiptronic a motarsa 911, wato giyar otomatik wadda direba zai iya karɓe ragamarta in ya ga dama. Ba Porsche ake hawa a Shanono ba, amma dabarar ta gangaro cikin Toyota da Peugeot da Mercedes, ta iso mana a jikin tokumbon da ake shigowa da su ta Legas da Kwatano. Mutum zai sayi mota ya yi shekaru da ita bai taɓa kai hannunsa wurin ba, don tsoron kada ya ɓata giya.

Kafin a yanke hukunci sai an san halin injin fetur. Ƙarfinsa ba ya fitowa duka sai yana juyawa da sauri. Ɗauki Camry ta 2007 mai inji lita 2.4: ƙarfin doki 158 da aka rubuta mata ba ya samuwa sai inji ya kai juyi 6,000 a minti ɗaya. Amma idan tana tafiya da kilomita 80 a awa a babbar giya, allurar agogon juyi tana kusa da 2,000 ne, inda ko rabin wannan ƙarfi babu. Kwamfutar motar da gangan take ajiye ta a nan don a rage shan mai da ƙara. Aikin ƙaramar giya shi ne ta bar inji ya hau can sama inda ƙarfin yake, ta kuma ninka shi kafin ya isa taya. Sauya giya da hannu ba ya ƙara wa inji doki ko ɗaya. Zaɓar lokacin da za a taɓo wanda yake akwai ne kawai.

To wa ya fi iya zaɓar lokacin? Idan aka danne totur har ƙasa, kwamfuta kan riƙe kowace giya har allura ta kusa jan layi, sannan ta wuce ta gaba, kuma haka za ta yi sau ɗari ba kuskure. Ɗan Adam kuwa, ko ya yi gaggawa ya sauya da wuri inji ya faɗa inda ba ƙarfi, ko ya makara allura ta bugi jan layi kwamfuta ta datse mai, mota ta yi tsam kamar an riƙe ta. Ga kuma jinkirin da tsofaffin giyoyi ke yi tsakanin taɓa sanda da shigar giya. Tun da Volkswagen ya sa giyar DSG mai kuloci biyu a Golf R32 a 2003, inda giya ta gaba ke shirye tun kafin a saki wadda ake ciki, hannun mutum ya daina kamo na'ura a sauri. Motar Corvette ta 2020 ma ba a ƙera ta da giyar hannu mai fedar kuloci ba ko kaɗan.

Akwai ma wani abin da masu gardamar ba su cika lura da shi ba. A yawancin motocin Toyota, idan ka shiga S, wato gefen ƙari da ragi, ka ga lamba 4 a gabanka, ba giya huɗu aka kulle maka ba. Ma'anarta ita ce mota ba za ta wuce huɗu ba, amma daga ɗaya zuwa huɗun nan ita ke zaɓa. Saurayin da ke jin shi ke tuƙa ta da hannu, iyaka kawai ya gindaya mata.

Inda direba ya fi kwamfuta shi ne ido. Ita ba ta ganin hanya, sai abin da ƙafarka ta gaya mata. Hanyoyin da suka haɗa Shanono da Gwarzo da Bagwai da Tsanyawa ba tagwaye ba ne, kuma duk mai bin su ranar kasuwa ya san yadda ake cin karo da babbar mota maƙare da buhunan masara ko dawa, ga babura ta ko'ina, ga amalanke a gefen kwalta. In ka fito za ka wuce babbar motar a D, sai ka taka tukuna kwamfuta ta gane, ta sauko da giya, inji ya ɗauki wuta. A tsohuwar mota wannan kan ci sakan guda ko fiye, alhali kana hannun da ba naka ba. Mota mai gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowane sakan, in wata na tahowa da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninku na raguwa da mita 44. Direban da ya sauko zuwa giya uku tun yana bayan babbar motar, ya bar allura ta hau wajen 3,500 ko 4,000, da ya fito ƙarfi na ƙarƙashin ƙafarsa, ya wuce ya koma hannunsa. A nan ne giyar hannu take da rana.

Sai damina. Da an sauka daga kwalta za a shiga Faruruwa ko Kokiya ko ƙauyukan da ke bayansu, taɓo da yashi ne ke hukunci. A D mota kan yi ta hawa da sauka tsakanin giyoyi, taya ta yi ta ƙwaƙular ƙasa. Tsakanin inji da giyar otomatik akwai abin da kanikawa ke kira konbata, tamkar fanka biyu ne da ke fuskantar juna a cikin mai, ɗaya na kaɗa man yana juya ɗayar. Duk lokacin da inji ke kuka taya ba ta tafiya, wannan ƙarfin zafi yake zama a cikin man giya, kuma zafi shi ne ajalin giyar otomatik. Riƙe ta a giya ɗaya ko biyu da totur mai sauƙi, ba tare da an tsaya a tsakiya ba, ya fi mata lafiya. Motocin da ba su da ƙari da ragi ma suna da L da 2 don wannan aiki.

A gangara da kaya ma haka ne, ƙaramar giya kan riƙe mota ta rage wa birki wahala. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 an ƙara samun masu jefa mota firi a gangara wai don tattali. A motar zamani wannan asara ce biyu: idan ka ɗaga ƙafa tana cikin giya kwamfuta kan datse mai gaba ɗaya, a firi kuwa dole inji ya sha mai don kada ya mutu, ga shi kuma ka bar birki shi kaɗai da nauyin mota.

Abin da ya fi kashe giya shi ne wasan da samari ke yi a bikin aure, a ba inji wuta a N, wato firi, sannan a fizgo sanda zuwa D don taya ta yi ƙara. Faifan kulocin da ke cikin giyar ne ke ƙonewa, kuma ƙarshen irin wannan mota Ƙofar Ruwa neman wata giyar. Shi kuwa sauya giya da hannu yadda aka tsara ba ya ɓata komai, domin kwamfuta ba za ta karɓi giyar da za ta kai inji bayan jan layi ba.

Dokar hanya da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ke aiki da ita ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya. Duk abin da aka bayyana a sama a cikin wannan iyaka ake yin sa. Mai irin wannan mota ya samu hanyar da ba kowa da sassafe, ya koyi sauko da giya a hankali yana kallon allura, kafin ranar da zai buƙace shi a bayan babbar mota.