Akuya, kaza da ɓera: Yadda masu shuke-shuken tukunya a Samaru da Sabon Gari za su kare jarinsu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sabon Gari zuwa Samaru zai ga masu sayar da furanni a bakin titi, sun jera tukwanen alobera, kaktus da sauran tsirrai masu tara ruwa a jikinsu. Ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello suna son irin waɗannan tsirrai saboda ba su da cin ruwa. Sai dai wannan ruwa da suke tarawa shi ne yake jawo musu ɓarnar dabbobi, ɓarnar kuma takan zama asarar jari, wani lokaci har ta haɗa maƙwabta rigima.

Me ya sa dabbobi suke far musu?

Damina a Zariya takan fara ne wajen watan Mayu ta ƙare a Oktoba. Daga Nuwamba, idan hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, har zuwa zafin bazara, koren abu yakan yi ƙaranci a cikin unguwanni. A wannan tsakanin, ganyen da yake cike da ruwa abinci ne kuma abin sha ga akuyar da aka saka tana yawo. Masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kowace dabba da irin ɓarnarta, kuma alamar da ta bari ita ce take nuna ta. Akuya da tunkiya sukan yage ganye, su tumɓuke tsiron, su kifar da tukunya. Kaza tana tona ƙasar ne don neman ƙwari, ta bar saiwa a waje. Tsuntsaye sukan bar ƙananan huji a jikin ganye. Ɓera da gafiya da dare suke aiki, suna barin sawun haƙori. Kyanwa kuwa yashin tukunyar take mayarwa wurin ba-haya.

Asarar tana da nauyi domin kaktus ba ya saurin girma. Wasu nau'o'in sukan ɗauki shekaru kafin su kai girman dunƙulen hannu, tabon da suka samu ba ya ɓacewa, kuma ta bakin raunin ruɓa take shiga idan aka zuba ruwa.

Haɗarin ba ga shukar kaɗai yake ba

Kaktus na ainihi daga nahiyar Amurka ya samo asali. Abin da ake gani a ƙasar Hausa mai kama da shi, kamar ƙerana da tinya, dangin Euphorbia ne, tare da aguwa da fid-da-sartse waɗanda manoma suka daɗe suna shinge da su. Farin ruwan da yake fita daga jikinsu yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuma yana iya yi masa mummunar illa.

Ƙariya, wadda masana suke kira Adenium obesum, ake kuma sayar da ita saboda jan furenta, tana ɗauke da dafin da yake taɓa zuciya. An yi amfani da ita wajen dafin kibiya a sassan Afirka. Dangin Kalanchoe ma suna da irin wannan dafi, kuma an san su da kashe awaki da tumaki a Afirka ta Kudu. Alobera kanta tana sa kare da kyanwa amai da gudawa. Saboda haka, shingen da ya kare shuka yana kare dabbar maƙwabci, yana kuma kare ƙaramin yaro. Idan dabba ta ci irin waɗannan tsirrai ta fara dalalar da miyau ko tangaɗi, a gaggauta kai ta ga likitan dabbobi, a riƙa ragowar ganyen. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru.

Matakan da suke aiki

Na farko shi ne shinge. Wayar raga irin ta kejin kaji, a kewaye da ita a kuma rufe sama, tana tare akuya, kaza da tsuntsu gaba ɗaya. Ɗora tukwane a kan benci bai isa ba, domin akuya tana miƙewa da ƙafafun baya, tana kuma hawa. Tukunyar ƙasa mai nauyi ta fi ta roba wuyar kifewa.

Na biyu, a rufe saman ƙasar tukunya da tsakuwa masu ɗan girma. Wannan yana hana kaza tono, yana hana kyanwa zama, yana kuma raba gindin shukar da laima.

Na uku, a ajiye kasko da ruwa nesa da tukwanen a lokacin rani, ana sauya ruwan a kai a kai don kada sauro ya hayayyafa. Tsuntsun da ya sami abin sha ba ya damuwa da huda ganye. Abubuwa masu ƙyalli da ake ratayawa suna korar tsuntsu na 'yan kwanaki ne, daga baya ya saba.

Ga ɓera, tarko da kawar da shara sun fi guba. Gubar takan wuce ga kaza, kyanwa da mujiyar da ta ci mushen ɓeran. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari irin su Sniper saboda yadda ake amfani da su ba bisa ƙa'ida ba.

Idan ɓarna ta riga ta faru, a yanke wurin da ya lalace da wuƙa mai tsabta, a ajiye shukar a inuwa, a dakatar da ban ruwa har bakin raunin ya bushe. Reshen da ya karye, in an bar shi ya sha iska na 'yan kwanaki sannan aka dasa a yashi, yakan yi saiwa.

Alhakin wa ne?

Samaru tana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kula da zirga-zirga da ajiyar dabbobin gida cikin ayyukan ƙananan hukumomi, haka nan kula da lambuna da wuraren shaƙatawa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Matashin da akuya ta cinye wa jari yana da hujjar tambayar kansilansa: wace dokar ƙaramar hukuma ce take magana a kan sakin dabbobi, kuma wa yake aiwatar da ita?

A fiƙihun Malikiyya, wanda yake da tasiri a sasancin da masu unguwa da dagatai suke yi, tsare gona da rana yana wuyan mai gona, ɓarnar dare kuma mai dabba ne yake biya. Malamai sun yi bayanin cewa wannan ya shafi wuraren da gonaki da makiyaya suke haɗe, don haka hukuncin cikin gari yana buƙatar a koma ga masana. Abin da ba shi da mafita shi ne ɗaukar doka a hannu: sa wa dabbar wani guba ko karya mata ƙafa laifi ne a dokar Penal Code, kuma yana iya mayar da mai ƙorafi wanda ake tuhuma.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauki hoton ɓarnar, a kafa shaidu, a ƙiyasta kuɗin abin da aka rasa, a fara kai maganar gaban mai unguwa. Kafin nan kuma, kuɗin wayar raga bai kai kuɗin sake tara tukwanen da aka yi shekaru ana reno ba.